Sai Ta Ɗau Zafi Take Mutuwa

Mai Kunne ake ce masa a layin masu gyaran mota, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Mota za ta shigo layin tana tari tana jijjiga, shi yana can kwance a kan kwali ƙarƙashin wata, ko leƙowa bai yi ba sai ka ji muryarsa: "Wannan fulogi ɗaya ne ba ya ci." A buɗe a duba, a tarar haka ne. Idan aka turo masa wadda ta ƙi tashi, ba ya rawar jikin ɗaukar sifana. Sai ya goge hannu ya ce wa mai ita, "Murɗa makulli in ji." In ta yi ƙyas ta yi shiru, ya ce a duba batir da kawunansa. In kuwa injin ya yi ta juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, ya ce, "To, ko dai mai ba ya zuwa, ko wuta ba ta zuwa." Daga nan ya sunkuya ya shinshina kafireta, ya ɗago ya faɗi ciwon.

Rumfarsa ta kwano ce, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da baƙin mai na shekara da shekaru, ga wani benci da ƙafarsa ta karye aka tokare shi da mataccen batir. Jikin rumfar shagon Shokin ne, mai wayarin, wato gyaran wutar mota, wanda ya samo sunansa ranar da wata wayar wuta ta ja shi ta yi jifa da shi cikin kwata. Tare suka koyi aiki suna samari, tare suke cin abincin rana a kwano ɗaya, kuma rana ba ta faɗuwa ba su tsokani juna ba. Shokin ya ce bakanike ƙato ne kawai da aka ba guduma. Mai Kunne ya ce mai wayarin tela ne da ya rasa keken ɗinki.

Matar Mai Kunne malamar firamare ce a wata makaranta can ƙarshen gari, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ta daɗe tana sammako tana tsayuwa bakin titi jiran bas, da jaka cike da aikin yara a kafaɗa, abin yana damunsa. Da wata tsohuwar mota ta faɗo hannunsa, irin ta da ɗin nan mai kafireta, wadda mai ita ya gaji ya yasar, sai ya sauke injin ya yi masa aiki tun daga tushe, ya sa aka yi mata shuɗin fenti, ya kai ta ƙofar gida ya miƙa wa Malama makulli. Shi ya koya mata tuƙi a wani filin ƙwallo, 'ya'yansu mata biyu suna kujerar baya suna ihu duk lokacin da ta nufi raga. Bayan haka duk wanda ya zauna a bencin gareji sai ya sha labarin motar nan.

"Gawa na tarar," yake cewa. "Da hannun nan na tashe ta."

Motar ta daɗe ko tari ba ta yi ba. Sai da lokacin zafi ya kama sosai, wata yamma Malama tana zuba masa ruwan wanke hannu ta ce, "Baban yara, motar nan ta mutu mini yau a hanya."

"A ina?"

"Wajen shataletalen kasuwa, cikin cunkoso. Ta fara shaƙewa, ta yi 'yar fizga, sai ta ɗauke. Na murɗa makulli, injin yana juyawa lafiya lau, amma ta ƙi kamawa. Wasu bayin Allah suka tura ni gefe. Na zauna ina ta gumi. Can da na sake murɗawa sai ta tashi kamar ba ita ba."

Ya yi dariya yana jawo kwano. "Kuloci kika saki da garaje."

"Ban saki komai ba. A tsaye muke, giya ma a firi take."

"To, zan duba."

Da safe ya duba. Taɓawa ɗaya ta tashi. Ya tsaya ya karkata kai ya saurari injin, ya ji yana tafiya sumul kamar agogo. Ya zagaya unguwa da ita ya dawo ya ajiye.

"Ta fi ni lafiya," ya ce.

Ba a yi mako ba ta sake yi mata. Wannan karon ya canja fulogai, don dai a ce ya yi wani abu. Da ta sake, ya kwance kafireta ya wanke ta tas, ya sa sabuwar matatar mai, ya ce man da take sha a gidan man kusa da makaranta ne, ruwa suke haɗawa. Ta canja gidan mai. Motar ba ta fasa ba. Kuma duk dubawar da yake yi da sassafe yake yin ta, kafin ya fita, lokacin da ƙarfen ya kwana ya yi sanyi.

Malama mace ce mai lura. Wanda ya saba da aji cike da yara ya san wanda zai yi kuka tun kafin ya buɗe baki. Wata rana ta zaunar da shi ta ce, "Ka ga, na fa gane halinta. Ba ta taɓa yi mini da safe ba. Sai da rana in ina dawowa, ko in ta daɗe tana aiki. Sai ta ɗau zafi take mutuwa, in ta huce ta tashi. Ka zo makaranta rana ɗaya lokacin tashi, ka tuƙo mu da kanka, ka gani da idonka."

"Da rana tsaka in bar motocin mutane a buɗe in tafi yawo? Allurar zafi tana hawa?"

"Ba ta hawa. A tsakiya take zama."

"To kin ji. Wane zafi kuma? Malama, ki riƙe allinki, ki bar mini sifanata."

Ranar farko da ya yi wannan barkwanci ta yi dariya. Da ya maimaita shi sau da yawa, sai ta daina.

Ba wai mugun miji ba ne. Da wani direba ne ya zo masa da wannan bayani, da ya ajiye abin da ke hannunsa ya shiga motar sun yi ta zaga gari har ta nuna halinta. Amma kukan mai mota a gareji aiki ne, kukan Malama kuwa a gida yake samunsa, ya dawo a gajiye, bayansa yana ciwo, kuma a kunnensa ba ya jin "mota ta mutu", abin da yake ji shi ne "aikinka bai yi ba". Motar da ya cika layi da labarinta. Sai ya riƙa ture maganar gefe, yana cewa a ransa in ya samu sarari zai zauna mata.

Shokin ya taɓa jin Malama tana bayanin, wata rana da ta biyo ta gareji. Bayan ta tafi ya leƙo ta saman katangar kwano.

"Mutumina, wannan magana ta Malama ba ta mai ba ce, ta wuta ce. Akwai abin da ke ɗaukewa in ya gasu. Kawo mini ita da zafinta in sa mata hannu."

"Motar da na haɗa da kaina zan kai wa tela?"

"To, riƙe abarka," Shokin ya ce, ya koma shagonsa.

Mahaifin Malama yana can garinsu, tafiyar rabin yini a mota. Tsoho ne mai ciwon zuciya, yau ya kwanta gobe ya tashi, har an saba. Wata rana gab da azahar, Mai Kunne yana tsaye a kan motar wani mai gidan burodi da ya zazzage injinta, direban yana kansa yana ta duba agogo, sai ga shuɗiyar mota ta tsaya a bakin rumfa. Malama ta fito da kayan makaranta a jikinta, idonta ya yi ja.

"Yaya ya kira ni. Jikin Baba ya rikice, suna asibiti. Ya ce in taho yanzu, Baba sai tambayata yake."

"Subhanallahi. To, maza ki kama hanya."

"Ka kai ni. In ba za ka iya ba, ka sauke ni a tasha in hau ta haya. Ni motar nan ban yarda da ita a doguwar hanya ba."

A kan benci akwai mutane zaune, masu jiran motocinsu, kuma duk sun ji. Ɗaya daga cikinsu ya ɗan murmusa ya kau da kai. Mai Kunne ya lura da shi.

"Matata a tasha, ga mota a ƙofa? Ta haya sai ta cika take tashi, ki yi ta zaman jira har la'asar. Wannan kuwa yanzu kika taka, yanzu kin tafi."

Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya leƙa ruwan lagireto, ya danna fanbel da yatsa, ya mayar ya rufe, ya ɗan bubbuga saman motar.

"Tafi abinki. Ina ɗaure injin nan zan biyo ki."

Ta tsaya tana dubansa, kamar za ta ƙara magana. Sai ta dubi mutanen da ke kan benci, ta haɗiye, ta shiga ta ja.

Ya koma kan aikinsa, amma hannunsa ya ƙi daɗi. Noti ya suɓuce masa ya faɗa cikin injin, ya ɓata lokaci yana laluba. Rana ta ƙwalle sosai, kwanon rumfa yana ƙas-ƙas don zafi, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

"Ta mutu," Malama ta ce. Muryarta a daƙile.

"Kina ina?"

"Na wuce babbar gada. Ba gari ba ƙauye, gonaki ne kawai."

"Injin yana juyawa?"

"Yana juyawa."

"To, daina murɗawa kada ki kashe batir. Buɗe bonet ki bar ta ta sha iska. Zafi ne. In ta huce za ta tashi."

Ya dubi wayar, ya zaci layin ya yanke.

"Malama, kina ji na?"

"Na ji ka," ta ce, ta kashe.

Da ya ɗago, Shokin yana tsaye a bakin rumfa yana kallonsa. Ya juya ya shiga shagonsa, ya fito da jakar kayan aiki a kafaɗa, ya tayar da babur. Mai Kunne ya ajiye sifana a kan injin mai burodi, direban yana ta faɗa yana ɗaga hannu, ko waiwaye bai yi ba, ya haye bayan Shokin.

Suna hanya ta sake kira. Motar ta tashi, ta ɗan yi tafiya, ta sake mutuwa, wannan karon ma ba ta yi nisan farko ba. Ta jira, ta tashi, ta kuma mutuwa. Kira na ƙarshe da ƙyar yake jin ta saboda iska.

"Na bar ta gindin wata bishiya, gaba da wani gidan mai da aka rufe. Makullin yana kan tayar baya. Na samu babbar mota mai ɗaukar siminti, direban ya ce zai rage mini hanya."

Mai Kunne ya san tafiyar motar siminti da kaya a bayanta. Hawa ɗaya sai ta yi kamar ta zauna. Ya ce Shokin ya ƙara wuta, Shokin ya ce babur ɗin ya kai ƙarshensa.

La'asar ta yi sanyi kafin su ga shuɗiyar motar a gindin bishiya, a gyare tsaf kamar wadda aka ajiye a ƙofar gida. Ya laluba kan taya ya ɗauko makulli. A kujerar gaba ga gorar ruwanta ta sha rabi, a ta baya ga wani sabon bargo cikin ledarsa, wanda ta saya wa Baba ta manta da shi garin sauri. Ya zauna ya murɗa. Taɓawa ɗaya ta tashi, injin yana tafiya sumul.

"Ja mu tafi," Shokin ya ce. "Ina bayanka. Za ta nuna kanta."

Suka kama hanya. Mai Kunne ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya baza kunnuwansa. Babu abin da ya ji. Gonaki suka wuce, wani ƙauye ya wuce, har zuciyarsa ta fara raya masa ko dai hannun Malama ne bayan duka. Yana cikin wannan tunani motar ta shaƙe. Ta yi 'yar fizga. Ya taka totur, ta ƙara fizga, sai ta ɗauke ɗif, ta gangara da shi gefen titi. Ya dubi allurar zafi, tana zaune a tsakiya. Ya murɗa makulli, injin ya juya lafiya lau, ya ƙi kamawa. Babu ko ɗaya cikin abin da matarsa ta faɗa masa da bai faru ba, kuma a jere yadda ta faɗa.

Shokin ya jingine babur ya ɗaga bonet. Ya zare babbar wayar da ke fitowa daga kwayil, ɗan gwangwanin nan da ke ba fulogai wuta, ya riƙe bakinta kusa da jikin injin.

"Murɗa."

Ya murɗa. Babu ko ƙyalli.

"Fito ka taɓa nan."

Mai Kunne ya fito ya ɗora yatsa a kan kwayil, ya fizge hannu da sauri, kamar ya taɓa tukunya a kan wuta. Shokin ya ɗauko gorar ruwan Malama, ya jiƙa tsumma ya naɗe gwangwanin da shi. Suka tsaya, tsumman yana tururi. Can Shokin ya ce a sake murɗawa. Wuta shuɗiya ta yi tsalle daga bakin wayar, tas, tas, tas.

Da suka kwance kwayil ɗin suka juya shi, sai ga wata 'yar tsaga a wuyansa, siririya kamar gashi, man da ke cikinsa yana tsattsafowa ta wurin. In ya yi sanyi tsagar ta haɗe, wuta ta wuce. In ya gasu ta buɗe, wuta ta ɓace. Shokin ya zuge jakarsa ya ciro wani sabo a kwalinsa.

"Tun ranar da na ji bayaninta na ajiye shi," ya ce, ba tare da ya dubi abokinsa ba. "Na ce wata rana za ka kawo ta."

Ɗaurawar ba ta kai a sha shayi kofi ɗaya ba. Noti biyu da wayoyi. Motar ta tashi, Mai Kunne yana tsaye a kanta hannunsa a sake, sai wayarsa ta yi ƙara. Yayan Malama ne.

"Sai haƙuri," Yaya ya ce. "Allah ya yi wa Baba rasuwa."

Ya yi salati, ya dafa motar. Da ƙyar ya iya tambaya, "Malama ta iso?"

"Yanzun nan ta shigo. Da kaɗan ta rasa shi. Ko gadon ba a gyara ba."

Shi ya ƙarasa tafiyar da motar, Shokin ya juya gida. Tun daga wurin har cikin garin surukansa ko shaƙewa ɗaya ba ta yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya yana waje cikin maza, ana karɓar gaisuwa. In an miƙo masa hannu ya miƙa, in an yi addu'a ya shafa. Malama tana ciki wajen mata, sai dai ya hango ta ta gifta. Ya yi ta jiran ranar da Yaya zai ja shi gefe, ko ƙannenta su canja masa fuska. Ba wanda ya canja. Har kujera suke ba shi a inuwa.

Da mutane suka fara raguwa, Inna, mahaifiyar Malama, ta aiko a kira shi. Ya shiga ɗakinta ya durƙusa daga bakin ƙofa. Tsohuwar ta rame cikin 'yan kwanakin nan, tana zaune a bakin gado da carbi a hannu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce. "Ta faɗa mini yadda aka yi. Ta ce kai ka ce ta taho da mota don ta yi sauri, sai taya ta fashe mata a daji, kai kuma ka bar aikinka ka biyo ta a babur cikin ranar nan. Kada ka sa wa ranka damuwa. Taya ai ba ta shawara da kowa. Marigayin dai ya so ya gan ta, duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai. Allah bai nufa ba."

Mai Kunne ya kasa ɗaga ido daga tabarma. Ya ce amin, ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya fito da baya.

A bayan gida ya samu Malama ita kaɗai, tana wanki a bakin rijiya. Ya tsaya a gefe kamar baƙo.

"Me ya sa kika ce wa Inna taya ce?"

Ba ta ɗago ba. "In ce mata me? Tsohuwa ta rasa miji, in kuma ɓata mata suruki a mako ɗaya?"

"Kwayil ne," ya ce. "Ya tsage a wuya. In ya yi zafi sai wuta ta ɗauke. Mun canja shi a hanya, yanzu..."

"Ban tambaye ka ba, Baban yara."

Ta ci gaba da cuɗa zanen da ke hannunta, ta ɗauraye, sannan ta miƙe ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Kwanan Baba ya ƙare, wannan na sani. Ko a jirgi na zo, in ba rabo ba zan same shi ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Da na kira ka daga daji, ban ce maka zafi ba. Kai ka ce mini zafi ne, in ta huce za ta tashi. Maganata ka mayar mini, yadda na sha faɗa maka ita. Duk watannin nan ina ba ka uzuri, ina cewa gajiya ce, maganar ba ta shiga kunnenka. Ashe tana shiga."

Duk bayanin da ya shirya a hanya ya watse.

"Ki yafe mini," ya ce.

"Na yafe. Kama mini bakin zanen nan mu matse."

Ya kama. Suka murɗa, ruwan ya zuba a ƙafafunsu.

Da suka koma gida, Malama ta rataye makullin motar a ƙusar da ke bayan ƙofa, washegari ta saɓa jakarta ta fita bakin titi jiran bas. Ya ce mata motar ta gyaru, ya gwada ta da rana tsaka, ya shiga cunkoson kasuwa da ita da gangan, ba ta ko motsa ba. Ta ce ta yarda, bas ɗin ma ba laifi, tana samun abokan hira. Motar ta yi ta zama a ƙofar gida, ganye yana taruwa a gilashinta, yara suna rubuta sunayensu a jikinta da yatsa. Daga baya ya ba ƙanwar Malama ita, wadda ke aikin jinya, kuma har yau tana hawa.

A gareji ya daina ba da labarin gawar da ya tasa. Shokin, wanda ba ya barin ko tuntuɓe ya wuce bai yi masa waƙa ba, bai taɓa ɗaga maganar kwayil ba ko sau ɗaya. Mai Kunne ya so a ce ya tsokane shi, ko ya zage shi ma, da ya fi masa sauƙi.

A gida kuwa ba faɗa ba gaba. Abincinsa yana nan a kan lokaci, ruwan wankansa da ɗumi, in ya yi abin dariya ta yi dariya. Wanda ya shigo zai rantse ba abin da ya taɓa faruwa. Sai a hankali ya lura da abin da ya ragu. Da, in ya dawo, kafin ya cire takalmi ta fara: ƙofar banɗaki tana ƙara, fitilar tsakar gida tana kashe ido, shugabar makaranta ta ce kaza, gwiwarta tana damunta in za a yi ruwa. A lokacin yakan ce a ransa mace ba ta rasa ƙorafi. Yanzu sai ya shigo ta ce sannu da zuwa, ta tambaye shi aiki, shi ke nan. A bakin babbar 'yarsu ya ji cewa Malama ta yi makonni tana fama da haƙori har an cire mata shi. Suna kwana ɗaki ɗaya bai sani ba.

Wata rana aiki ya yi sauƙi ya dawo da wuri. A ƙofar gida ya ga keken da bai sani ba, a bakin kicin ga takalman wani. Ya leƙa. Wani mai gyaran famfo ne kwance a ƙasa, rabin jikinsa cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kayan aikinsa a baje a kan siminti. Malama tana tsaye a gefe da bokiti.

"Me ya faru?"

"Bututun ne yake yoyo," ta ce. "Har ya fara cin katakon."

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Na ga aiki ya yi maka yawa," ta ce, a sake, ba da wata manufa ba. "Sannu da zuwa. Bari in ɗora maka ruwa."

Ta ajiye bokitin ta fita. Mai Kunne ya tsaya a tsakiyar kicin ɗinsa, da akwatin sifanu a hannu wanda ya fi na mutumin nan sau nawa. Mai famfon ya leƙo da kai, bai san ko wane ne ba, ya ga dai mutum tsaye ba ya komai.

"Maigida, don Allah ɗan haska mini nan, wurin da duhu."

Ya ajiye akwatinsa a bayan ƙofa, ya karɓi tocilan, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti ya haska masa.